Jelul ɗin ginkgo na "ƙara ƙwaƙwalwa" da ake talla a WhatsApp: an sayo wa Innarmu, ga abin da na gani

Jama'a assalamu alaikum. Duk wanda ke Damagaram kuma yana da WhatsApp na san ya taɓa cin karo da tallan nan a status, kwalba koriya da hoton wani ganye mai siffar mafici, an rubuta wai yana dawo wa tsofaffi da tunaninsu, yana maganin mantuwa, yana buɗe jijiyoyin kai, har ƴan lakwal masu shirin BAC wai su sha su ga aiki. Sunan ganyen ginkgo biloba. Ba zan kama sunan kamfani ko na mai saidawa ba don ba mutum guda ba ne, kwalaben iri-iri ne amma maganar bakinsu duk guda ce. Hukuncina tun daga farko don wanda ba ya da lokacin karanta dogon rubutu: tauraro 1 cikin 5, kuma shi ma gudan na mai kabu-kabun da ya kawo saƙon ne, don wallahi yaron ya yi sauri kuma yana da ladabi.

Kwalba guda jika 15, jelul 60 ne ciki, biyu a rana, kenan wata guda ta ƙare. Kuma ba a barin ka da kwalba guda, ce maka ake sai an yi "kur" na wata uku kafin a ga sakamako, to lissafa da kanka, jika 45 kenan, a garin da wani magidancin bai samun haka a wata. Yayanmu da ke aiki Agadez shi ya ga tallan, ya turo kuɗin ya ce a sayo wa Inna, kuma ni ban ga laifinsa ba ko kaɗan, mutum yana nesa uwarsa na rikicewa, kullum ya kira sai ta tambaye shi wane ne, abin da hannunsa zai iya kaiwa kuɗi ne kawai, to ya tura.

Inna ta haura 70. Abin ya faro ne a hankali, ta aje abu ta manta, ta yi tambaya a ba ta amsa kafin a juya ta sake yin ta, muka ce tsufa ne. Daga baya sai sallah ta fara kwance mata, ta yi raka'a biyu ta sallame ta ce ta gama azahar, ko ta yi la'asar sau biyu. Sai ɓoye kuɗi cikin matashin kai ta manta ta ce jikokinta sun sace, yara su yi ta kuka suna rantsuwa. Wanda ya fi tada mana hankali shi ne na yamma, da rana ta yi sanyi sai ta ɗaure ƴan kayanta a zane ta ce za ta tahi gida babanta na jiran ta, gidan da take nufi na Mirriah ne inda aka haife ta, babanta kuwa ya rasu tun ba a haife ni ba. Wata rana ta fita ba wanda ya gani, wani bawan Allah da ya san yayanmu ya tsince ta wajen Kasuwar Dole ya maido ta, Allah ya saka masa.

To ga kayan sun zo. Kwalbar dai a ido ba laifi, murfi a like, rubutu duk da Turancin Ingilishi wanda a gidanmu ba mai karanta shi sosai, babu takardar bayani da Faransanci irin wadda ake samu cikin maganin farmasi, babu lambar lot da ke fitowa da kyau, ranar lalacewa ma an buga ta ne a kan wata ƴar takarda da aka manna daga baya. Na tambayi Hajiyar da ke saidawa a ina ake aje kayan, ta ce cikin shagonta, shagon kuwa na kwano ne, kuma lokacin watan Afrilu ne, duk wanda ya san zafin Zinder na Afrilu da Mayu ya san ma'aunin na wuce 40, a jikin kwalbar kuma an rubuta a aje wuri mai sanyi. Ita dai tana da fara'a ba ƙarya, "Hajiyata kar ki damu, in sha Allahu Mama za ta dawo garau", kullum da vokal ɗin gaisuwa, amma ko sau guda ba ta tambaye ni wane magani Inna ke sha ba, ko tana da tansiyo, ko ta taɓa shanyewar ɓarin jiki. Wannan shi ne babban abin da na riƙe a kanta, zan dawo kansa.

Makon farko gidan kowa cewa yake an samu sauƙi. Ƙanwata ta ce ai yau Inna ta kira sunanta daidai, matar yaya ta ce ta ci tuwo da kanta, aka kira Agadez aka yi albishir. Ni kuma da ke kwana ɗaki guda da ita na san tun kafin jelul ɗin haka take, yau ta wayi gari sarai har ta ba ka labarin auren Gwaggo da sunan makaɗin da ya yi wasa, gobe ta kasa gane ƙofar makewayi. Ciwon haka yake, yana da ranar daɗi da ranar wuya, kuma in ka kashe jika 15 idonka ranar daɗin kawai yake ƙirgawa. Sai na samo kaye na fara rubutawa kowace rana, sau nawa ta maimaita tambaya, ta yi rikicin yamma ko ba ta yi ba, ta yi barci ko a'a. Har kwalba ta biyu ta kusa ƙarewa shafukan kayen nan duk kamarsu guda. Ba gaba, in ma akwai motsi baya ne.

Abin da ya sa na ce dole in yi wannan rubutu shi ne, da na zauna na bincika sai na tarar ba mu ne na farko da muka gwada ba, an riga an gwada shi a kan dubban mutane, gwaji na gaske ba irin namu na cikin gida ba. A Amurka an yi wani bincike da ake kira GEM, an fitar da sakamakonsa a 2008. Sun ɗauki tsofaffi 3,069 masu shekara 75 zuwa sama, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi ana ba su ginkgo miligiram 120 sau biyu a rana, rabi kuma ana ba su ƙwaya mai kama da shi sak amma ba komai cikinta, kuma daga mai sha har likitan da ke duba shi ba wanda ya san wa ke shan wanne, don kar a yi irin ta gidanmu ta ganin sauƙi da ido. Aka bi su wajen shekara 6. Ƙarshe waɗanda suka sha ginkgo da waɗanda suka sha ƙwayar banza kusan daidai suka kamu da ciwon mantuwa, bai kare kowa ba. Faransa ma suka yi nasu mai suna GuidAge, mutum sama da 2,800 masu shekara 70 zuwa sama waɗanda suka je wajen likita da kukan mantuwa, shekara 5 ana bin su, sakamako ya fito a 2012, shi ma bai nuna ya hana cutar Alzheimer, wato nau'in ciwon mantuwa da ya fi yawa, ba. Kuma ku lura, waɗannan sun yi aiki ne da tataccen ginkgo da aka auna a ma'aikata aka san abin da ke cikin kowace ƙwaya, wanda ake kira EGb 761, ba kwalbar da ta kwana shagon kwano ba.

In za a yi adalci, akwai wasu gwaje-gwaje ƙanana da aka yi da wannan tataccen, miligiram 240 a rana, a kan waɗanda ciwon ya riga ya kama, suka ce an ɗan ga sauƙi kaɗan, shi ya sa a wasu ƙasashen Turai likitoci na rubuta shi. Amma masana na Cochrane, masu tattara gwaje-gwaje su tace su, da suka duba a 2009 cewa suka yi hujjar ba ta tsaya wuri guda ba kuma ba abin dogaro ba ce. To tsakanin "wataƙila ɗan sauƙi kaɗan" da "Mama za ta dawo garau" akwai tahiya mai nisa, kuma a wannan tazarar ake cin kuɗinmu.

Wani abin da Hajiya ke yawan faɗa shi ne ai daga Amurka ake kawo shi. To ko da gaske ne ma, a Amurka tun dokar 1994 irin waɗannan kayan na ƙarin abinci ba a bin su da gwajin da ake wa magani kafin a saka su kasuwa, hukumar FDA mai kula da magunguna a can ba ta tabbatar da cewa suna aiki kafin a fara saidawa. Shi ya sa in ka duba ƙasan kwalbar da ƙananan baƙaƙe za ka ga an rubuta ba a yi shi don warkar da wata cuta ba. Tamu ma an rubuta, wani ɗan maƙwabta da ya yi karatu Kano ya karanta mani. Kamfanin da kansa ya wanke hannunsa a jikin kwalba, mai talla kuma tana rantsuwa a status.

Sai maganar da na ce zan dawo kanta. Inna tana shan asfirin ƙarami kullum, likita ya ɗora ta a kai tun da ta taɓa samun ƴar shanyewa da ta saki daga baya. Ginkgo kuma ana gargaɗi a kansa ga mai shan asfirin ko maganin tsinka jini irin warfarin, da wanda za a yi wa aiki, don an samu rahoton mutanen da suka yi zubar jini. Manyan binciken nan ba su ga haɗarin ya ƙaru sosai ba, gaskiya kenan, amma duk da haka likitoci na cewa a yi hattara, balle da kwalbar da ba ka san ainihin abin da ke ciki ba. Mun fara ganin tabo baƙi-baƙi a hannun Inna kamar ta bugu, dasashinta na jini in ta yi asuwaki. Ba zan rantse cewa jelul ɗin ne ba, fatar tsoho ba ta da wuyar tabo, amma da muka kai ta asibiti likitan na ganin kwalbar ya ce a tsaida yau ɗin nan, ya kuma yi mana faɗa mai kyau a kan ba tsoho abu ba tare da an nuna wa mai ordonans ɗinsa ba. Tambaya guda da mai saidawa za ta yi da ta kauce wa duk wannan, amma ba a koya masu tambaya ba, saidawa aka koya masu, kuma na gane daga baya duk wanda ta jawo ya shiga harkar tana da kaso, har ni ta yi wa tayi wai in shiga in samu rangwame.

Wannan zuwa asibitin shi ne abin da ya fi mana amfani a duk lamarin. Likitan ya zaunar da Inna ya yi mata tambayoyi, wace rana ce yau, ina muke, ya faɗa mata sunan abu uku ya ce ta riƙe, bayan ƴan mintoci ya tambaye ta, ko guda ba ta kawo ba. Ya tambaye ni ni ma yadda take a gida, kayen nan nawa ya yi rana don har ya ce da kowa na zuwa da irinsa da aikinsu ya yi sauƙi. Ya rubuta analiz na jini, ya ce akwai abubuwan da ke kama da ciwon mantuwa amma suna da magani, ƙarancin bitamin B12, matsalar maƙoƙo, ciwon damuwa, ciwon fitsari, har ƙishirwa, don tsoho ba ya jin ƙishi kamar yaro kuma a zafin nan namu ruwan jikinsa na iya ƙarewa ya rikice cikin kwana biyu a ce aljanu ne. Ya ce duk ruɗewar da ta zo farat ɗaya a ruga asibiti, ba ita ce irin ta Inna mai zuwa a hankali ba. Tansiyonta kuwa ranar 17 ya auna, ashe ƙwayar tansiyon ma mantawa take ba ta sha, mu kuma muna nan muna fama da jelul safe da yamma ba fashi.

Bai yi mana ƙarya ba, ya ce ciwon nan har yau ba a samo abin da ke warkar da shi ba a duniya kaf. Tun 1906 wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya bayyana shi, sama da shekara ɗari kenan. Hukumar lahiya ta duniya OMS ta ce mutum sama da miliyan 55 ke fama da ciwon mantuwa, kusan miliyan 10 na kamuwa kowace shekara, sama da kashi 60 cikin 100 kuma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke, don haka masu cewa ciwon Nasara ne su daina. Nan kusa da mu ma a Ibadan an yi dogon bincike tun 1992, aka kwatanta tsofaffin Yarbawa da baƙaƙen fata na birnin Indianapolis a Amurka, sakamakon 2001 ya nuna a Ibadan kashi 1.35 cikin 100 ke kamuwa a shekara, can kuma kashi 3.24. Namu ya fi ƙaranci amma akwai shi, sai dai mu a nan sunansa ake canzawa, a ce gigin tsufa ne, a ce sammu ne, wata tsohuwar ma in ba ta da gata a ce mayya ce don an gan ta tana yawo da dare tana sambatu, Allah ya kyauta.

Magungunan asibiti na gaske ma akwai su, irin donepezil da aka amince da shi a Amurka a 1996, da memantine, suna ɗan rage alamomi na wani lokaci ga wasu, ba su tsaida ciwon. Har Faransa a 2018 ta daina biya wa mutanenta kuɗin irin waɗannan magunguna guda 4, ta ce amfaninsu bai kai ba in aka auna da illarsu, ko da yake likitoci da yawa can ba su ji daɗin matakin ba, wasu ƙasashen kuma har gobe suna ba da su. Sabon da ake ta yayatawa, lecanemab, an gwada shi kan mutum 1,795 na wata 18, ya rage saurin lalacewar da kashi 27 cikin 100, ba wai ya maido da abin da ya tahi ba, ƙarin ruwa ake yi da shi duk mako biyu, sai an riƙa ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa don yana iya kawo kumburi ko ɗigon jini a kai, masu farkon ciwon kawai ake ba, kuɗin da aka sa masa a 2023 dalar Amurka 26,500 ne a shekara, wajen miliyan 15 na sefa kenan. To ku duba fa, manyan kamfanonin duniya da duk kuɗinsu iyakar abin da suka iya kenan, sai kuma a ce wata kwalbar jika 15 a status ta gama da ciwon cikin wata uku. Haba jama'a.

Abin da ya ba ni mamaki kuma ya ɗan ba ni haushi shi ne, inda binciken ya nuna akwai alheri wuri ne mai araha wanda ba mai tallansa. Kwamitin masana na mujallar Lancet a rahotonsu na 2024 sun lissafo abubuwa 14 da in an magance su za a iya hanawa ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon mantuwa, ciki akwai hawan jini, ciwon suga, rashin ji, rashin gani da ba a yi wa magani ba, shan taba, ƙiba, rashin motsa jiki, kaɗaici, buguwar kai, ƙarancin karatu tun yarinta. Buguwar kai ɗin nan masu hawa moto ba kaske ku ji da kyau. Wanda ya fi burge ni wani gwaji ne da aka yi a karkarar Sin aka wallafa a 2025, ƙauyuka 326, mutum kusan 34,000 masu hawan jini, ba manyan likitoci aka tura masu ba, ma'aikatan lahiya na ƙauye aka horar suna auna tansiyo suna ba da ƙwaya suna bibiya, cikin shekara 4 ciwon mantuwa ya ragu da kashi 15 cikin 100 a ƙauyukan da aka yi wa haka. Wannan ai aikin da majo na CSI, ƙaramin asibitin unguwa, zai iya ne. A Finlan ma gwajin FINGER na 2015, tsofaffi 1,260, abinci mai kyau da motsa jiki da wasa ƙwaƙwalwa da lura da tansiyo na shekara 2, an ga tunaninsu ya fi na waɗanda aka ba shawara kawai. Duk wannan rigakafi ne, ga Inna an makara da yawa daga ciki, amma ga ni da yaya da ku masu karantawa da muke 40 da 50 ba a makara ba, kuma na san da yawanmu rabonmu da awon tansiyo tun awon ciki, maza kuwa sai an kwantar da su.

Da aka zo kwalba ta uku na kira yaya na ce Yaya don Allah kuɗin nan ka bar mani in juya su wata hanya, ya ɗan yi shiru ya ce to ke kike gani. Na sayi na'urar awon tansiyo ta hannu a farmasi, da ƴar akwatin nan mai gida bakwai ta zuba ƙwayoyin mako, yanzu ni ke ba ta da hannuna bayan asuba. Aka wanke mata kunne, ashe dauɗa ta toshe guda, rabin abin da muke cewa ba ta gane magana ashe ba ta ji ne. An duba idon an ce akwai yana a guda, muna shirin aikin. Na sa tela ya ɗinke ƴar takarda mai lambar wayata cikin leda a bakin hijabanta duka, kafinta ya ɗaga sakatar ƙofar gida sama inda hannunta bai kai, na gaya wa mai shagon bakin layi da masu kabu-kabun kwanarmu halin da ake ciki ba ɓoye-ɓoye, yanzu ko leƙowa ta yi sai ka ji an ce Inna ina zuwa, dawo ki sha hura. Fitilar sola guda na barin ta kunne hanyar makewayi duk dare don in kuran ya ɗauke cikin duhu ta fi firgita. Ruwa kuma ba jira muke ta nema ba, duk bayan sallah sai an miƙa mata moɗa.

Rikicin yamma bai daina ba amma mun koyi zama da shi. Da muna ce mata Inna ai Baba ya rasu tuntuni, sai ta fashe da kuka kamar yau aka yi rasuwar, gobe kuma a sake. Wata tsohuwar majo a unguwarmu ta ce mana ku daina gardama da ita, ba za ku ci ba kuma ita ke shan wuya. Yanzu in ta ɗaure kaya sai in ce to Inna bari rana ta ƙara sanyi, zo ki taya ni tsince wake tukuna, ko in ce ba ni labarin gidan naku, sai ta zauna ta kama zancen kukokin Mirriah da kasuwar Lahadi har a kira magariba ta manta da tahiyar. Karatun da ta haddace tun tana yarinya kuwa yana nan daram, in aka ja mata baƙi sai ta ɗauka ta kai aya, sallah kuma ƙanwata ke tsayawa gefenta suna yi tare, mun tambayi malamin unguwa ya ce wanda hankalinsa ya gushe ba a kama shi da abin da ya kuɓuce masa, hankalinmu ya kwanta.

Sauran canjin da ya rage na ƙara na samo wata yarinya mai hankali tana zuwa wuni uku a mako, don ni ma in samu in je aiki in kuma runtsa. Wannan ba a cika faɗarsa ba don kunya, kar a ce ka gaji da uwarka, amma mai jinyar irin wannan ciwo in bai samu mai karɓar sa ba shi ma kwanciya zai yi, kuma kusan kullum mace guda ake bar wa a gida, saura sai waya da "ya mai jiki". Ƴan uwa maza da ke nesa, in za ku turo kuɗi ku tambayi wadda ke ɗakin me take buƙata kafin ku tambayi mai status, wataƙila kush na manya ne, wataƙila sabulu da omo ne don wanki ba ya ƙarewa ga ruwa sai an saya wajen ƴan garuwa, wataƙila kwana biyu kawai take so wani ya karɓe ta.

Na koma wa Hajiya mai kayan da maganar cikin mutunci, na tura mata abin da likita ya ce da zancen asfirin, na ce aƙalla ta riƙa tambayar mutane maganin da suke sha kafin ta sayar masu. Amsarta ita ce ai likitoci dama ba su son maganin ganye don yana kashe masu kasuwa, kuma laifinmu ne da ba mu cika wata ukun ba, sannan wai akwai wani sabo mai ƙarfi da ya shigo da man kifi a ciki, jika 20, za ta bar mani a 18. Maida kuɗi babu, ko na jelul ɗin da suka rage. Na ce na gode, na goge lambar. Saura na kai su farmasi na ce su san yadda za su yi da su don ban yarda in jefa a bola yara su tsinta ba.

Wanda likitansa ya rubuta masa ginkgo na farmasi da sani, wannan tsakaninsa da likitansa ne, ban da ta cewa. Na status ɗin nan dai ban ba kowa shawarar saye ba, ko don tsoho ko don ɗan lakwal. Randebu ɗin Inna na gaba wata mai kamawa ne, tansiyon ya sauko 14, likita ya ce in zo da kayen da duk ƙwayoyin da take sha a leda guda.